Yadda Aka Zaunar da Yayana

Yayana a kan hanya ya yi haddarsa. Masu ba da labarinsa yanzu suna cewa a zaure ya zauna shekara da shekaru har ya haɗa izu sittin a kansa, kuma ba na gyara musu, don na gaji da gyara wa mutanen Jega magana. Ni ce autar gidanmu, ina yarinya lokacin, amma idona ya gani. Saurayi ne dogo siriri, Inna takan ce in ya juya gefe sai a neme shi a rasa. Malamin da yake ɗaukar karatu a wurinsa can wajen Maiyama yake zaune, shi kuwa Yaya da ƙafa yake zuwa, da ƙafa yake dawowa. Zai fita bayan asuba da gorar ruwa a kafaɗa, bakinsa yana motsi tun daga ƙofar gida.

Ya taɓa gaya mini cewa kowane yanki na hanyar nan yana da nasa karatun. Daga gadar gulbi zuwa wata tsamiya akwai surar da ke wurin, daga tsamiyar zuwa inda hanya ta karkata akwai wata. In aya ta ɓace masa, sai ya tuno inda ƙafarsa take ranar da ya riƙe ta, sai ta dawo da kanta. Na yi masa dariya a lokacin, na ce to kenan karatun naka a ƙafa yake ba a ka ba. Ya ce in bar shi ya sha furarsa.

Da ya girma aka ba shi limancin masallacin unguwarmu a Sabon Gari, ya buɗe makaranta a ƙofar gidansa. Ni kuma aka kai ni aure gidan da ke bayan masallacin, lasifikar ma tsakar gidana take kallo. Shekaru masu yawa da muryarsa nake tashi, da ita nake sauke tukunyar tuwo da magariba. Ba zan ɓoye ba, ina taƙama da shi. In baƙuwa ta zo ta ji karatun ta yi shiru, sai in ce mata, ai ciki ɗaya muka fito.

Mutanen garin nan suna son malaminsu, kuma son nasu a akushi yake zuwa. Mahauta ba su taɓa yanka sa mai kyau ba tare da an aiko masa da tozo ba. Duk suna, duk ɗaurin aure, duk walimar sauka, sai an ajiye masa kwano na musamman, man shanu yana iyo a kai, a ce Malam ya sa albarka. In ya ɗanɗana kaɗan ya janye hannu, mai gida ya ɓata rai, ya ce ko abincin gidansa ne ba ya ciyuwa. Ranar Asabar ɗaya yakan sa albarka a gidaje da yawa kafin azahar. Zuwa gidajen kuma ba da ƙafa ba. Da farko wani ɗalibinsa mai kabu-kabu ne yake kai shi a babur, daga baya direbobin tasha suka shiga rububin ɗaukarsa. Tsakanin gidansa da masallaci taku kaɗan ne, iyakar tafiyar da ta rage masa a duniya kenan.

Jiki ya zo. Kowa ya ce Malam ya yi kyau, Malam ya samu kwanciyar hankali, babbar riga ta zauna masa. Bai kai shekara hamsin ba sai na fara jin numfashinsa a lasifika. Wanda ba ya saurare kullum ba zai lura ba, amma ni na san inda yake tsayawa a dā, na ga ya fara yanke ayoyi masu tsawo gida biyu. Sai ciwon kai na ƙeya, sai jiri in ya ɗago daga sujada. Matarsa mace ce mai kunya, ba ta iya tsare shi da magana, don haka ni na je na zauna masa a zaure na ce ba inda za ni sai ya yarda mun tafi asibiti.

A Birnin Kebbi likitan ya ɗaura masa abin awo a hannu, ya duba, ya sake ɗaurawa a ɗaya hannun, ya dube shi. Ya ce jininsa ya hau ƙwarai, kuma ba jiya ya fara ba. Ya ce zuciyar tana aiki kamar mai tura kaya a hawa, har ta fara kauri. Abin da ya faɗa daga nan shi ne ya sa Yaya ya gyara zama. Ya ce jijiyoyin da ke kai jini cikin ƙwaƙwalwa sirara ne, su ne suke fara lalacewa, a hankali, ba ciwo ba ƙara, sai dai mutum ya wayi gari abin da ya sani yana zubewa. Ya tambaye shi sana'arsa. Da ya ji, sai ya ajiye biro ya ce, to Malam, in kana son abin da ke kanka, ka nema masa lafiyar zuciya. Ya rubuta magani na kullum, ya ce a rage kitse da gishiri, ya ce kuma ya riƙa tafiya da ƙafa kowace safiya, da sauri, har sai ya yi gumi.

A mota muna dawowa Yaya har murmushi yake yi. Ya ce, "Auta, tahiya dai? In don wagga ta, ai an ba ni abin da nih hi iyawa."

Maganin yana sha. Kitsen ma ya rage iyakar abin da aka bar shi ya rage, don har yau ban ga wanda ya iya mayar wa mahaucin Jega da kyautarsa ba. Tafiyar ce ta zama yaƙi.

Washegari bayan asuba ya sa 'yar shara da takalmin roba, ya kama hanyar Aliero. Shi da bakinsa ya ba ni labari, yana dariya, lokacin abin bai daina ba shi dariya ba. Bai fita gari ba mai kabu-kabu ya ci birki a gabansa.

"Allah shi gafarta Malam, lahiya? Ina za ka da ƙahwa? Hau in kai ka."

"Babu inda za ni. Likita yac ce in dinga tahiya."

"To hau in kai ka inda za ka yi tahiyar."

Da ƙyar ya rabu da shi. Kafin ya kai gonakin albasa na farko an tsaya masa ya fi a ƙirga: masu babur, direban da ya sauke fasinja daga gaban mota don ya ba shi wuri, har da mai amalanken shanu. Kowa sai an gaisa, sai an roƙi addu'a, sai an yi jayayya. Ya ce ya fi daɗewa a tsaye yana ba da haƙuri fiye da yadda ya daɗe yana tafiya, gumin da ya yi kuma na magana ne.

Bai fasa ba. Ya riƙa barin kwalta yana bin hanyar gona, can ta wajen Kashin Zama. Makonnin nan na ga yayana ya dawo. Fuskarsa ta washe, ya ce barci ya fara yi masa daɗi, ya ce tilawar da yake yi a hanya ta fi ta zaure shiga. A lasifika ma na ji ya fara kai wasu ayoyin ƙarshensu da numfashi ɗaya. Na yi murna irin wadda ban yi ba tun haihuwar ɗana na fari.

Sai ga wani Alhaji, babban dillalin albasa daga Aliero, wanda 'ya'yansa duka a hannun Yaya suka yi karatu. Ya zo da jama'arsa, ya zauna a zaure, ya ƙi shan ruwa. Ina cikin gidan ranar, ina jin su ta bayan zana.

"Malam, mi munka yi maka? Ana ganinka bisa hanya da ƙahwa, cikin raɓa, mu kau ga mu da motoci. Mutane su ce mi? Su ce mun ci amanar malaminmu?"

Yaya ya yi masa bayani tiryan-tiryan, har da zancen jijiyoyin kai. Alhaji ya saurara yana gyaɗa kai, kamar ya gane. Da aka kwana biyu sai ga mota an aiko, da direbanta, wai duk inda Malam zai je a kai shi. Kullum da asuba tana ƙofar gida. In Yaya ya fita da ƙafa, direban ya biyo shi a baya a hankali, don an ce masa in aka sake ganin Malam shi kaɗai a hanya, a bakin aikinsa. Ka ga mutum yana tafiya cikin gona mota tana rarrafe a bayansa. Wanda bai taɓa lura da shi ba ma yanzu ya fito kallo.

Da damina ta faɗi ya sake dabara. Muna da gonar gado ta wajen Inna a Gumbin Kure, ya ce zai koma noma da hannunsa, ai ba wanda zai ce noma abin kunya ne. Ya aika a gaya wa dangi ranar da zai zo. Kuskuren da ya yi kenan. Ya isa ya tarar an yi gayya, an nome gonar tas, an shimfiɗa masa tabarma a gindin itace, an yanka kaji. Ya hango wani ɗan gefe da ciyawa ta rage ya ɗauki hauya, wani tsoho ɗan'uwan Inna ya taso da sandarsa ya karɓe ta daga hannunsa.

"Muna raye Malam shi duƙa? Ba a gabana ba."

Ya ci kaza ya dawo a mota.

Duk wannan da sauƙi, don ana iya jure wa mai kyauta. Abin da ya karya shi magana ce. Ban san bakin da ta fara fitowa ba, na dai fara jin ta a gidan biki, wata ta matso tana yi mini jaje da murya ƙasa-ƙasa. Wai an yi wa Malam kurciya. Wato irin asirin nan da ake yi wa mutum ya kasa zama gidansa, ya kama hanya bai san inda za shi ba, har wata rana ya tafi ke nan. Suka ce alamun duka sun cika: fita da duhun asuba, sauri, magana shi kaɗai a daji, ƙin shiga mota. Har an san wanda ya yi, wani malami a wata unguwa da ke kishin yawan ɗalibansa. Bawan Allah nan bai san hawa ba bai san sauka ba, aka daina amsa masa sallama.

Na ce wa matar, magana shi kaɗai ɗin nan tilawa ce, tilawar da kuke kuka in kun ji ta a lasifika. Ta ce ai ni ƙanwa ce, dole in rufa asiri.

Aka fara kawo masa rubutu da turare. Manyan ɗalibansa suka raba kwana a ƙofar gida don kada ya fita ya ɓace. Wasu iyaye suka janye 'ya'yansu daga makaranta har a ga yadda hali zai yi. Matarsa ta rame don kuka, don ita ma ana ce mata ta yi sake. Sannan dattawan masallaci suka zo, mutanen da suka girme shi, wasunsu abokan Babanmu ne. Babbansu ya yi magana a tausashe.

"Malam, mu mun san lahiyarka lau. Amma limami ba shi yawo. Mutane sun hwara shakkar bin ka salla. Ka dubi Allah ka zamna."

Sai ya zauna. Na je na same shi na zazzage masa duk abin da ke cikina. Na ce su dattawan ne za su ara maka zuciya in taka ta tsaya? Na ce kai da kake gaya wa mutane jiki amana ne? Ya bar ni na gama, sannan ya ce in jama'a ta rabu a kansa, me zai ce wa Allah. Na ce to ya zo tsakar gidana ya riƙa zagayawa, ba mai gani. Ya zo sau kaɗan. Gidan ba shi da faɗi, ga awaki, ga turmi, ga matan ƙannen mijina suna leƙe ta labule suna ƙunshe dariya. Ya ce ji yake kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Bai sake zuwa don wannan ba.

Gari ya yi murna. Aka ce addu'a ta ci, kurciya ta karye. Har walimar godiya aka yi, aka yanka rago, aka ajiye masa kwanonsa.

Ba zan ce da ya ci gaba da tafiya da ba abin da zai same shi ba. Ni ba likita ba ce, kuma rai da lafiya na Allah ne. Abin da na sani shi ne an nuna masa hanya, ya kama ta da hannu biyu, ya fara ganin amfaninta, aka taru aka raba shi da ita. Kuma ba maƙiyinsa ko ɗaya a cikin waɗanda suka yi hakan. Wannan ne yake ci mini rai har yau, don ban san wanda zan tsana ba, kowa in ka dube shi da gaske yake son Malam.

Shekarun da suka biyo baya abin ya zo kamar yadda likitan ya faɗa, ba ciwo ba ƙara. Zai tambaye ni lafiyar yara, in amsa, can ya sake tambaya. Zai kira ɗalibi da sunan ubansa. Zai fara ba da misali a wajen karatu ya manta abin da ya kawo misalin. Aka ce yawan tunani ne, manyan malamai haka suke. Muka koma asibiti, aka ƙara magani, likitan ya tambayi zancen tafiya, Yaya ya sunkuyar da kai.

Wata magariba ina tsakar gida ina kwashe tuwo, yana jan salla, ya ɗauko wata sura da na ji daga bakinsa ba adadi. Ya kai tsakiya ya tsaya. Na ɗauka numfashi yake ja. Shirun ya yi tsawo, lasifikar tana ta huci ita kaɗai a kan unguwa. Wani daga sahun gaba ya tuna masa ayar. Ya maimaita, ya sake tsayawa. Aka sake tuna masa. Ya koma farko, ya faɗa cikin wata sura daban, ya ji ba daidai ba, ya yi shiru. Ina riƙe da mara a hannu, na ji bakina yana faɗin ayar da ƙarfi, kamar zai ji ni ta bango. Daga ƙarshe ya yi kabbara ya tafi ruku'u. Unguwa gaba ɗaya ta ji, har masu shago na bakin titi.

Bayan wannan da 'yan watanni hannunsa na dama ya yi sanyi, bakinsa ya ɗan karkace, aka kwantar da shi kwanaki. Likita ya ce wata 'yar jijiya ce ta toshe a kai, kuma hoton kan da aka ɗauka ya nuna ba ita ce ta farko ba. Hannun ya dawo, bakin ma ya daidaita. Dattawan nan suka sake zuwa, da tausasawar nan tasu, suka ce Malam ya huta, na'ibi zai riƙe kafin ya ji sauƙi. Na'ibin ɗalibinsa ne, karatunsa ba laifi. Shi nake ji yanzu a tsakar gidana. Mutane kuma sun samo sabon bayani, wai aljanun karatu ne suka taɓa shi. Ko a wajen jaje ban ji wanda ya ambaci tozo ko mota ba.

Kwanan baya da hantsi ya shigo gidana. Yara sun tafi makaranta, matan gidan sun tafi unguwa. Ya zauna a bakin ƙofar ɗakina, ya ce in saya ƙyaure. Ya ce yana so in riƙe masa karatu, ya karanta ina saurare, in ya kauce in gyara. Ni da iyakacina izu kaɗan na ƙasa, waɗanda shi da kansa ya biya mini ina yarinya. Na ce Yaya, ga ɗalibanka cike da gari. Ya ce ba ya so su ji.

Ya fara daga gajerun surorin da ake fara koya wa yara. Ta farko ta fita lafiya. Ta biyu ma. A ta uku ya tsaya, ya dube ni. Na ba shi kalmar, ya karɓa, ya yi gaba kaɗan, ya sake dubana. Haka muka yi ta yi, ina faɗa yana maimaitawa, har muka kai ƙarshenta. Muryar tana nan yadda take, ba abin da ya taɓa ta. Ya share gumi da hannun riga.

"Auta, in tambaye ki, ki hwaɗa min gaskiya. Da gaske dut sittin ɗin suna cikin kaina dā? Ko dai mutane na ka hwaɗi don su hwaranta min rai?"

Na ce suna nan, Yaya, duka, ni shaida ce, shekara nawa ina ji.

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar an ba shi labarin wani mutumin kirki da bai taɓa haɗuwa da shi ba. Ya ce Allah Sarki. Sannan ya ce mu koma ta ukun, don ya ji kamar ta fara zama.